Darasi na 9: Gyara Yankan Katako da Ƙaramin Injin Leza

Ƙananan injinan leza masu aiki da dayod sun shiga hannun masu sana'a da dama. Akwai mai yin allon suna na ƙofar ofis, akwai mai yin mariƙin makulli da kyaututtukan biki, akwai kuma wanda ya saya don sha'awa kawai. Zane a kan katako ba ya ba kowa wahala, domin ran da aka haɗa injin, ran nan ake fara rubuta suna da shi. Yanka ne ke kawo ƙorafi. Injin ya bi layi sau biyar, sau shida, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi, a ɗaga katako a ga gaba ya yi baƙi ƙirin, baya kuwa ko alamar wuta babu. Daga nan sai mai injin ya yanke cewa injinsa rago ne, ya fara tara kuɗin babba.

Wani lokaci yana da gaskiya. Amma sau tari hasken da injin ke fitarwa ya isa aikin, a hanya yake salwanta. Wani ya bazu don ba a saita tsininsa ba, wani hayaƙi ya tare shi, wani ya tsaya a jikin gilashi mai datti, sauran kuma ya ƙare a kan gam ɗin da ke cikin filawud. Bayan wannan darasi ana so ɗalibi ya iya duba yankan da bai huda ba, ya faɗi inda laifin yake, ya kuma gyara ba tare da ya sayi sabon kan leza ba.

Wat nawa ne da gaske?

Hasken waɗannan injina shuɗi ne, tsawon zangonsa wajen nanomita 450. Asalinsa aikin da aka yi a Japan ne a kan sinadarin galiyom naitirayid, aikin da ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Dayod guda ɗaya ba ya wuce wat 5 zuwa 6 na haske. Idan aka ce kan leza wat 10 ne, to dayod biyu aka haɗa haskensu da madubai. Mai wat 20 yana da huɗu, mai wat 40 yana da takwas.

A nan ne mai saye ke faɗawa tarko. Wasu 'yan kasuwa suna rubuta wutar lantarkin da injin ke sha a matsayin ƙarfinsa, sai a ga kwali ya ce wat 40, alhali hasken da ke fita wajen wat 5 ne. Ku nemi takardar bayanin injin, ku duba layin da ya yi maganar ƙarfin haske, shi ne abin lissafi. Duk inda aka ambaci wat a darasin nan, na haske ake nufi.

Sanin wannan zai hana ku ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa. Mai wat 5 aikinsa filawud mai kaurin milimita 3 ne, shi ma a zagaye biyu ko uku. Mai wat 10 yana iya huda milimita 3 a zagaye ɗaya idan katakon mai kyau ne, yana kuma cin milimita 5 ko 6 da haƙuri. Wanda aikinsa kullum katako mai kaurin milimita 12 ne, gara ya nemi injin leza na iskar kabon, ko ma zarto. Ba kowane yanka ne na leza ba.

Abin da ke faruwa a cikin ramin yanka

Zafi ne ke yin yankan. Katako yana fara lalacewa idan ya kai digiri 200, idan ya haura 300 kuma sai ya riƙa rikiɗewa da sauri zuwa hayaƙi da ƙaro da gawayi. Hayaƙin yana tasowa ta hanyar da hasken ke sauka, don haka yana tare wani sashe nasa. Gawayin kuwa yana kwanciya a ƙasan ramin, kuma taurin kai gare shi: ba ya narkewa, ba ya zama tururi sai zafi ya haura digiri 3,500. Idan ba a kawar da shi ba, zagaye na biyu da na uku a kansa suke ƙarewa, zafin ya bazu gefe da gefe, ramin ya yi ta faɗi ba zurfi.

Ke nan abu biyu ake nema: a tara hasken a wuri mafi ƙanƙanta, a kuma share masa hanya.

Tsinin haske

Hasken da ya fito daga ƙwayar gilashin kan leza ba miƙaƙƙen zare ba ne. Siffar kalangu gare shi: ya fito da faɗi, ya tsuke a tsakiya, ya sake buɗewa. Wannan ƙugu na tsakiya shi ne tsinin haske, kuma a yawancin injina faɗinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Nan ne kaɗai yankan yake da kaifi. Ku lura da lissafin. Idan faɗin ɗigon hasken ya ninka sau biyu, filin da ya rufe ya ninka sau huɗu, zafin da ke sauka a kowane gurbi ya koma rubu'i. Kuskuren milimita biyu ko uku a tsayin kai ya isa ya sa mai wat 10 ya kasa abin da mai wat 5 zai yi.

Kowane inji yana zuwa da abin auna tsayi, ko ɗan guntun ƙarfe ko roba da ake sawa tsakanin kai da katako, ko wata 'yar ƙafa da ake sauko da ita. Ku yi amfani da shi duk lokacin da kuka canja katako. Sai dai kada ku ɗauka ba ya kuskure. Ga yadda za ku tabbatar. Ku samo shafaffen katako mai tsawon kamar santimita 20, ku tokare gefe ɗaya da abu mai tsayin santimita ɗaya ko biyu, ya zama gangare. Ku saita kan yadda tsakiyar gangaren zai zo daidai da tsayin da abin awon ya nuna, ku tabbata bakin kan ba zai bugi ɓangaren sama ba. Sai ku ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga ƙasa zuwa sama da ƙarfi kaɗan. Layin zai fara da kauri da dishi-dishi, ya sirance ya yi baƙi, ya sake kauri. Kada ku motsa katakon. Ku mayar da kan daidai inda layin ya fi siranta, ku auna tazarar da ke tsakanin bakinsa da katako. Wannan ce tazarar injinku ta gaskiya. Ku yanka ɗan guntun katako daidai da ita, ku rubuta masa lamba, ku ajiye.

Wannan tazara ta zane ce, inda ake son tsinin ya zauna a fuskar katako. Yanka yana son wani abu daban. Idan tsinin yana sama, kafin hasken ya kai ƙasan katako ya riga ya buɗe, shi ya sa ake ganin sama ta yanku, ƙasa ta ƙi. Sai a sauke kan kaɗan, tsinin ya nutse cikin naman katakon, tsakanin sulusin kaurinsa da rabi. A milimita 3, saukewar milimita 1 ta isa. A milimita 6, ku gwada 2 zuwa 3. Wasu kan sauke kan da milimita ɗaya bayan kowane zagaye, kuma dabarar tana aiki a katako mai kauri, muddin za a iya yi ba tare da an gusar da kan ko katakon ba. Idan hannu zai girgiza su, barinta ya fi.

Akwai wata ɗabi'a ta dayod da ke ruɗa sabon shiga. Ɗigon haskensa ba da'ira ba ne, ɗan murabba'i ne mai tsawo ta gefe ɗaya. Saboda haka yankan hagu zuwa dama da yankan gaba zuwa baya ba sa zama daidai, ɗaya ya fi ɗaya siranta da zurfi. Wanda ya ga gefe biyu na murabba'i sun huda, biyu sun ƙi, kada ya ce injin ya lalace. Ya saita gudunsa a kan ɓangaren da ya fi rauni.

Duk wannan wahala ta tashi a banza idan katakon ya kantare. Filawud siriri ba ya kwanciya don kansa, musamman wanda aka jingine da bango a shago. Tsakiyarsa na iya tasowa da milimita uku ba ku lura ba. Ku danne gefunansa da maganaɗisu ko 'yan ƙusoshin dannewa, amma ku lura kada kan ya yi karo da su. Ajiyar filawud kuma a kwance ake yi, da nauyi a bisa.

Iska

Da za a ce wanda ke da ɗan kuɗi kaɗan ya zaɓi abu ɗaya da zai ƙara wa injinsa, da famfon iska za mu nuna masa. Ƙaramin famfo ne da ke tura iska ta tiyo zuwa wani tsukakken baki da ke kewaye da hasken, iskar ta sauka tare da hasken cikin ramin yanka. Tana kore hayaƙi daga hanyar haske, tana tumɓuke gawayin da ya kwanta, tana kashe harshen wuta kafin ya kama, tana kuma hana hayaƙi hawa kan gilashi. Bambancin ba ya ɓuya. Gefen da aka yanka da iska launin ƙasa-ƙasa yake yi, ba ya ɓata hannu sosai. Wanda aka yanka ba iska baƙi ne, yana shafa a yatsa, yana shafa a rigar mai saye.

Ƙaramar fankar da ke kan leza ba wannan aikin take yi ba, tata ita ce sanyaya dayod. Fankar ɗaki ma ba ta maye gurbin famfo, don iskarta ba ta shiga rami mai faɗin gashi biyu. Famfunan da ake sayarwa tare da injinan suna ba da wajen lita 10 zuwa 30 a minti, kuma na lita 30 ya fi dacewa da yanka. Wanda bai samu ba, babban famfon da masu kiwon kifi ke sa wa ruwa iska yana yi. Kwamfuresa irin ta masu faci ko masu fenti ta fi ƙarfi nesa, sai dai iskarta tana ɗauke da ruwa, wata ma da mai. Idan za a yi amfani da ita, dole a sa matatar ruwa da mai da abin rage matsi, in ba haka ba za ta fesa wa gilashin abin da zai kashe shi.

Ku duba cewa hasken yana fita ta tsakiyar bakin iskar. Idan yana gogar gefe, wani ƙarfin ya tafi, bakin kuma zai yi zafi. Sa'annan duk wanda ya ɗaura bakin iska, kada ya yi aiki famfo a kashe, ko da zane yake yi. Bakin da babu iska a cikinsa yana tara hayaƙi ya kai shi kan gilashi. A zane sai a rage iskar, amma ba a kashe ta.

Ƙasan katako ma yana son sarari. Idan aka shimfiɗa shi kai tsaye a kan farantin ƙarfe, hayaƙi ba shi da mafita, hasken da ya huda kuma yana dawowa ya ƙona bayan aikin. Ana ɗora shi ne a kan faranti mai ramuka da ake kira saƙar zuma, ko a kan jerin ƙusoshi masu tsayi ɗaya, a sa farantin ƙarfe a can ƙasa don kare tebur. Fuskar katako kuwa, salatif na takarda yana kare ta daga tabon hayaƙi, a ɓare shi bayan an gama.

Gilashi, zafi da wuta

Injin da yake yanka da kyau watan jiya, yau ya ƙi, abu na farko da za a duba shi ne gilashin da ke bakin kai. Ƙaro da hayaƙi suna kafa masa yana a hankali, yanar ta sha haske ta yi zafi, ƙarshenta ta ƙone a jikinsa ko ta tsaga shi. A cire injin daga wuta, a kwance bakin iska, a jiƙa tsinken auduga da barasar isofurofil, a goge a hankali, a bar shi ya bushe. Ba a goge shi da gefen riga, ba a kankare shi da farce. Idan tabon ya ƙi fita ko an ga tsagewa, sai canji. A injina da yawa wannan gilashin kariya ne kawai, ana sayar da shi daban da araha, ya kamata a ajiye na ko-ta-kwana.

Masu aiki a ƙasar Hausa suna da ƙarin abokan gāba biyu da littafin injin bai san da su ba. Na farko ƙurar hunturu, wadda ke toshe fanka da haƙarƙarin sanyaya kai, ta kuma kwanta a kan layin da tayoyi ke bi. A rufe injin idan ba ya aiki, a busa ƙurar a kai a kai. Na biyu zafin bazara. Dayod yana rage haske idan ya yi zafi, kwanansa kuma yana raguwa. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, shagon kwano da tsakar rana ba wurin doguwar yanka ba ne. A mayar da babban aiki safiya ko dare, a riƙa ba injin hutu. Masu injin da yawa suna tsayawa a kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ƙarfi don tsawaita kwanan dayod, kuma shawara ce mai kyau a irin yanayinmu.

Adaftar wuta ma tana iya zama mai laifi. A jikinta an rubuta 12V ko 24V da adadin amfiya. Idan ta asali ta ƙone aka maye ta da wadda amfiyarta ba ta kai ba, injin zai yi motsi lafiya lau, amma hasken zai raunana da zarar an buƙaci cikakken ƙarfi.

Katako ba ɗaya ba ne

Ƙa'idar a fili take: gwargwadon nauyin katako, gwargwadon wuyar yankansa. Lambobin da ake gani a tallan injina yawanci a kan basswood aka gwada su, wani farin katako mai taushi na Arewacin Amurka da dangoginsa, ko a kan balsa da ta fi shi sauƙi. Mafi kusa da basswood a kasuwanninmu shi ne obeche na dazuzzukan kudu, wanda ake kira wawa a Gana, ayous a Kamaru. Busasshensa yana da nauyin kusan kilo 380 a kowace kubik mita, maɗaci kuwa ya kusa ninka haka. Malaina tana tsakani, ta fi kusa da obeche. Kirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma ke son gawayinta, a bar ta ga zane. Idan za ku sa a tsaga muku obeche ko malaina falle-falle, ku ce a fere su su zama kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, ku kuma kauce wa wurin ƙulli, don ƙulli ya fi sauran jikin tauri.

Danshi yana da nasa rabo. Muddin da ruwa a wuri, zafinsa yana tsayawa a digiri 100 har ruwan ya ƙafe, alhali yanka yana son sama da 300. Shi ya sa saitin da ya yi aiki a Janairu yake iya gazawa a Agusta a kan irin katako ɗaya. Da damina a ajiye katako nesa da ƙasa da bango, a wuri mai iska.

Filawud ne ya fi kowa wahalar da mutane, kuma ba itacensa ne matsala ba. Falle-falle ne aka manne da gam, kuma gam iri-iri ne. Na aikin cikin ɗaki yana da gam mai haske da leza ke ci ba gardama. Wanda aka yi don jure ruwa, irin na zuba kankare da na jirgin ruwa, gam ɗinsa na fenol ne, kuma yana tsayar da ƙaramin leza cak. Ku dubi gefen allon kafin ku biya kuɗi: idan layukan da ke tsakanin fallayen baƙaƙe ne ko ja mai duhu, ku ajiye shi. Filawud mai araha kuma cikinsa cike yake da faci, wani wurin rami ne, wani wurin falle biyu ne suka hau juna, wani wurin an cike da ƙullun gam. Shi ne dalilin da da'ira za ta yanku duka, sai wuri ɗaya mai tsawon yatsa ya ƙi. A ɗaki mai duhu, ku haska tocila mai ƙarfi ta bayan allo siriri, inuwar facin za ta bayyana, ku zagaye ta da fensir, ku tsara aikinku ya kauce mata. Ku kuma auna kaurin da kanku, domin abin da ake kira milimita 3 a kasuwa yana iya gazawa ko ya zarce.

Allon MDF ba shi da ƙulli ko faci, don haka yankansa daidai yake ko'ina. Amma gam ya yi masa yawa, hayaƙinsa mai kauri ne, yana saurin ɓata gilashi, yana kuma da illa ga huhu.

Akwai waɗanda ba a kai su kusa da leza ko kaɗan: katakon da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, katakon da aka jiƙa da maganin hana ruɓa mai sa shi kore-kore, da allon da aka lulluɓe fuskarsa da robar PVC. PVC tana fitar da iskar da ke ƙona huhu, ta kuma sa ƙarfen injin tsatsa. Allon da ba ku san abin da ke fuskarsa ba, ku ɗauke shi a wannan sahu.

Gudu, ƙarfi da zagaye

Sai an gama da duk na sama ake taɓa lambobin manhaja. Yawancin mutane daga nan suke farawa, shi ya sa suke daɗewa.

Zafin da kowace milimita ta layi ke samu shi ne ƙarfi a raba da gudu. Mai wat 10 da ke tafiyar milimita 300 a minti, wato 5 a daƙiƙa, yana zuba jul 2 a kowace milimita. Idan aka ninka gudun zuwa 600 aka yi zagaye biyu, jimillar jul 2 ɗin ce dai, lokacin ma ɗaya ne. Amma sakamakon yakan bambanta. Tafiyar hawainiya tana ba zafi damar ratsawa gefe, ramin ya yi faɗi, baki ya ƙone, wuta ta kama. Zagaye biyu ko uku masu sauri suna ba iska damar share rami tsakanin bi da bi. Sai dai wannan ma yana da iyaka. Idan aka kai zagaye goma ba a huda ba, ƙarin zagaye gawayi kawai yake ƙarawa, a koma a duba tsini da gilashi da katako.

Maimaita zagaye yana amfani ne idan na biyu ya faɗa cikin ramin na farko. Bel da ya saki, ko taya mai girgiza, ko kan da ya karkace, duk suna sa kowane zagaye ya buɗe sabuwar hanya. Ku kama kan da yatsa biyu injin na kashe, ku ɗan girgiza. Idan yana wasa, a ɗaure. Ku kuma tsara aikin yadda za a fara yanka ramukan ciki, a bar layin waje ƙarshe, domin guntun da ya rabu da allo yakan faɗa ko ya gusa.

Kurakurai biyu na manhaja sun cancanci a san su da suna. Na farko ruɗa milimita a daƙiƙa da milimita a minti. Tsakaninsu ninki 60 ne, wanda ya kwafi lamba ba tare da duba ma'auninta ba ko dai ba zai ga komai a katako ba, ko ya tayar da gobara. Na biyu ya shafi injinan da ke aiki da tsarin GRBL, wato yawancinsu, ko da LightBurn ake tuƙa su ko da LaserGRBL. A cikin injin akwai saiti mai lamba $30 da ke faɗin adadin da ke nufin cikakken ƙarfi, galibi 1000. Dole adadin da ke cikin manhaja ya zo daidai da shi. Idan injin yana kan 1000, manhaja tana kan 255, to ko an rubuta kashi 100, abin da ke fita wajen rubu'in ƙarfin ne kawai. Ku duba saitin $32 ma, ya kasance a kan 1.

Ido da gobara

Duk leza da ya haura rabin wat yana aji na 4, ajin da ya fi haɗari. Mafi ƙanƙantar injin da muke magana a kai ya ninka wannan iyaka sau goma. Hasken shuɗi yana ratsa ido har can baya inda gani yake, ya ƙona wurin kafin mutum ya ƙifta, kuma tabon ba ya warkewa. Hasken da ya dawo daga jikin ƙarfe mai sheƙi ma yana iya yin wannan ɓarnar. Tabarau na rana ba kariya ba ne. A nemi tabarau na leza, mai launin lemo ko ja, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana tare zangon nanomita 445 zuwa 455, da lambar OD. OD 4 yana barin kashi ɗaya cikin 10,000 ya wuce, OD 5 kashi ɗaya cikin 100,000. Ku nemi 5 ko sama. Duk wanda ke ɗakin sai ya sa, yara kuwa waje. Mafi kyau a yi wa injin akwati mai rufi, da fanka da bututun da ke fitar da hayaƙi ta taga.

Ba a barin injin yana yanka a fita, ko da zuwa alwala ne. A dakatar da shi tukuna. A ajiye kwalbar fesa ruwa da tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai. A riƙa kwashe ɓarɓashin da ke taruwa a ƙarƙashin saƙar zuma, don busasshen makamashi ne da ya sha ƙaro.

Aikin gwaji

Ku rabu rukuni-rukuni, kowane rukuni da allon filawud mai kaurin milimita 3 da littafin rubutu. Ku goge gilashi, ku yi gwajin gangare, ku rubuta tazarar da kuka samu. Sai ku zana murabba'ai 12 masu faɗin santimita ɗaya, a jeri uku. Jerin farko zagaye ɗaya, na biyu zagaye biyu, na uku zagaye uku. A kowane jeri ku sa gudu huɗu: 150, 250, 350 da 450 milimita a minti, ƙarfi kashi 90 a duka. Ku yanka da iska, ku sake yanka irinsu a gefe da iskar a rage ƙwarai. Ku juya allon, ku tura kowane murabba'i da yatsa. Wanda ya faɗo da kansa, gefensa bai yi baƙi ba, a mafi ƙarancin lokaci, shi ne saitin wannan katako. Ku rubuta a jikin allon irin katakon da kaurinsa da watan da aka yi gwajin, ku rataye shi a shago. A duk gwajin da za ku yi nan gaba, abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda.

Tambayoyi

1. Wani ya yanka murabba'i, gefen hagu da dama sun huda, na gaba da baya sun ƙi. Me ya jawo haka, kuma me zai yi?

2. Injin wat 5 yana tafiyar milimita 150 a minti. Jul nawa kowace milimita ke samu a zagaye ɗaya?

3. Wata ɗaliba ta yanka da'ira a filawud, ta huda ko'ina sai wuri ɗaya. Ta sake yanka wata a gefe da saiti ɗaya, ta huda duka. Ina laifin yake, kuma ta yaya za ta gano irin wurin kafin ta fara?

4. Injin da ya yi aiki lafiya da hunturu ya fara gazawa a watan Agusta. Ku kawo abubuwa uku da za ku duba, a jere bisa wanda za ku fara da shi, ku faɗi dalilin jerin.